Surukata ta hana ni ganin jikokina a Niyok, in kai ta kotu?

Assalamu alaikum Malama. Ni 'yar Kano ce, shekarata 64, ina zaune a Bronx cikin birnin Niyok. Ɗana namiji tilo ya rasu bara a hatsarin mota, ya bar mata da yara biyu, namiji ɗan shekara 9 da mace 'yar shekara 6. Matar haifaffiyar nan ce, iyayenta mutanen Kumasi, su ma suna Bronx. Yaran nan a hannuna suka tashi. Iyayensu na wurin aiki, ni ce mai ɗauko su daga makaranta, ni ce mai tuwonsu, ranar Asabar ni ce mai kai su Islamiyya.

Ranar sadakar arba'in ƙanin mijina marigayi ya bugo waya daga Kano, aka buɗe muryar kowa na ji. Ya ce idan ta fita takaba za a kawo yaran gida a riƙe su cikin danginsu, kuma kuɗin inshorar da wurin aikin ɗana ya biya a kawo a raba gado. Ta ce babu inda 'ya'yanta za su. Raina ya ɓaci, na ce mata ai 'ya'ya na dangin uba ne, ita in ta yi aure gobe shi ke nan. Tun ranar ta toshe lambata. Yau wata takwas ban sa su a ido ba. Na je ƙofar gidanta ba ta buɗe ba.

Mahaifiyata, Inna, tana wurina, shekararta 87, jiki ya yi rauni, kullum tambayarta ina tattaɓa kunnenta. Yanzu kuma ina jin ƙishin-ƙishin surukar tawa za ta koma Ohio wurin yayanta. A masallaci wasu sun ce kotu na ba kaka damar ganin jika, wasu sun ce asarar kuɗi ce. Wata ma ta ce in kira hukumar kula da yara in ce ba ta kula da su, za a ƙwace a ba ni. In kai ta kotu? Kuma Inna za ta iya shiga ƙarar?

Hajiya, daga Bronx

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan ɗanki, ya kai haske kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Allah ya ba Inna lafiya.

Ƙofar kotu a buɗe take gare ki. Ga Inna a rufe take muddin yaran na jihar Niyok. Ita kuwa mai ba ki shawarar kiran hukuma, ki ce mata kin gode, ki tashi daga wurin. Zan zo kan kowanne, amma akwai abin da nake so ki fara ji, ko da zai yi ɗaci.

Ki koma ranar arba'in ɗin, ki zauna a inda surukarki ta zauna. Yarinya ce da mijinta ya fita bai dawo ba, tana cikin takaba, gida cike da baƙi. Sai ga murya daga Kano, ta mutumin da wataƙila ba ta taɓa gani ba, yana shaida wa jama'a cewa za a ɗauke mata 'ya'ya, a kuma karɓi kuɗin da za ta ciyar da su. Babu wanda ya nemi jin ta bakinta. Ta waiwaya ta ga wa zai tsaya mata, sai wadda ta fi amincewa da ita a kan yaran nan, wadda take miƙa wa su kullum ta tafi aiki hankali kwance, ta ce eh, haka ne. Baffa, wato ƙanin mijinki, bai tsorata ta ba kamar yadda kika tsorata ta, Hajiya. Shi yana nesa. Ke kuwa makaranta ta san fuskarki, kin san lokacin tashinsu, kuma in kin yafito su da gudu za su biyo ki.

Tsoron nata kuma yana da tushe. Akwai yarjejeniyar Hague ta 1980, wadda ƙasashe suka ƙulla don a riƙa mayar da yaron da aka tsallaka ƙasa da shi ba da yardar mai riƙonsa ba. Najeriya ba ta cikinta. Idan yaran nan suka sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, takardar alƙalin Bronx ba za ta dawo da su ba, sai dai uwar ta bi su ta fara shari'a daga tushe a garin da ba ta da kowa. Ba sai an gaya mata wannan ba, ta taso tana jin labarin yaran da aka ce za su hutu gida, hutun ya zama shekara goma. Ki kuma sani, don kada wani ya zuga ki, tun 1993 fitar da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 daga Amurka da nufin tauye haƙƙin uwa ko uba laifi ne na tarayya, ɗaurinsa na iya kaiwa shekara uku, kuma dokar ba ta ware kaka ba.

Maganar da kika faɗa, cewa 'ya'ya na dangin uba ne, al'ada ce muka taso muka tarar, amma ko a kotun Musulunci ta Kano ba za ta tsaya da ƙafarta ba. Nasaba ta uba ce, babu ja. Reno kuwa, abin da malamai ke kira hadana, na uwa ne. A Malikiyyar da muke bi, namiji na hannun uwarsa har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, haka yake a Risala da ake karantawa a zaurukanmu. Ko da ta yi auren da kika yi mata gori a kai, renon ba wurinki zai faɗo ba kai tsaye. Mahaifiyarta ce a gaba, sannan 'yan uwanta mata, sai daga baya layi ya zo kan kakar wajen uba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya rabu da mahaifiyar ɗansa Asim, wata rana ya zo Ƙuba ya tarar da yaron na wasa a harabar masallaci, ya ɗora shi a kan dabbarsa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, suka yi ta ja har gaban Sayyidina Abubakar, ya ce a bar mata shi. Umar bai ƙara cewa uffan ba. Umar ke nan, uba mahaifi, balle baffan uba da ke ba da umarni ta waya.

Haka batun kuɗi. A rabon gado na Musulunci kina da sudusi, ɗaya bisa shida, matar na da sumuni, ɗaya bisa takwas, saura na yaran ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Shi baffan da ya tada maganar ko ƙwandala ba shi da ita, ɗa namiji ya tare shi. A dokar Niyok kuwa, wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, matarsa ke ɗaukar dala 50,000 na farko da rabin abin da ya saura, 'ya'ya su ɗauki ɗaya rabin, iyaye ba su da komai. Kuɗin inshorar rai ma ba ya shiga cikin wannan lissafi, kai tsaye yake zuwa ga wanda mamaci ya rubuta sunansa. To kin ga babu kotun da za ta karɓo miki sudusinki, sai abin da tsoron Allah ya sa yarinyar ta miƙo. Haƙƙinki ne, ba zan ce ki raina shi ba. Amma da ni ce, in ba yunwa ta kore ni ba, da na bar wa marayun nan, in kuma faɗa mata da bakina. Idan kina buƙatarsa, a yi maganar wata shekara, ta bakin wani malami, ba a zama ɗaya da maganar yara ba.

Yanzu ga dokar. A Niyok sashe na 72 na dokar zamantakewar iyali shi ya ba kaka damar neman ziyara. An kafa shi a 1966 musamman saboda irin halin da kike ciki, wato inda uba ko uwar yaro suka rasu, a 1975 aka faɗaɗa shi ya haɗa da wasu yanayin. Alƙali na hawa mataki biyu. Na farko, shin wannan kaka tana da hurumin shigar da ƙara? Kakar da iyayen jikanta duka suna raye sai ta sha wuya kafin ta tsallake nan. Ke rasuwar ɗanki ta tsallakar da ke. Na biyu, shin ziyarar na da amfani ga yaran? Nan ne shari'ar take, kuma a nan ba hawayenki ake aunawa ba, maslahar yaran ake dubawa.

Waɗanda suka ce miki asarar kuɗi ce, ina jin labarin Troxel ne ya iso musu a gutsure. Wasu kakanni ne a jihar Washington, Jenifer da Gary Troxel. Ɗansu ya mutu a 1993 ya bar 'ya'ya mata biyu. Uwar yaran, Tommie Granville, ba ta hana su gani ba, cewa ta yi su riƙa zuwa yini ɗaya a wata. Suka raina. Suka nemi ƙarshen mako biyu kowane wata har da kwana, da mako biyu a dogon hutu. Alƙalin farko ya ba su ƙarshen mako ɗaya a wata, mako ɗaya a hutu, da awa huɗu ranar zagayowar haihuwar kowane kaka. Aka yi ta ɗaukaka ƙara har watan Yuni na 2000, Kotun Ƙolin Amurka, da alƙalai shida a kan uku, ta ce an shiga haƙƙin uwa. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ce ta rubuta babban ra'ayin, kuma abin da ya zama ƙa'ida daga nan shi ne, uwar da ke kula da 'ya'yanta yadda ya kamata ana ɗaukar cewa abin da ta zaɓa musu shi ne alheri, dole alƙali ya ba ra'ayinta nauyi na musamman. Sama da shekara shida suka yi ana shari'a, suka tashi ba tare da umarnin kotu ba, alhali tun farko an miƙa musu yini guda.

Amma wannan hukunci bai kashe dokar Niyok ba. A 2007 kotu mafi girma ta jihar ta tabbatar da sashe na 72 a wata shari'a da ta yi kama da taki, an ɓoye sunayen, ana kiranta E.S. da P.D. Wata kaka ce ta tare gidan 'yarta mai ciwon daji. 'Yar ta rasu a 1998, kakar ta ci gaba da renon jikanta namiji sama da shekara uku, har suka saɓa da uban a kan tarbiyya, ya sallame ta a 2002, ya taƙaita mata ganin yaron. Ta kai ƙara a 2003, aka ba ta ziyara, uban ya ɗaukaka, kotun ta ce hukuncin ya yi daidai. Ta jaddada cewa ra'ayin uba ko uwa na da ƙarfi ƙwarai, amma rashin jituwa tsakanin manya shi kaɗai bai isa ya hana ziyara ba, don da ana jituwa ai da ba a zo kotu ba. Abin da ya ɗaga kakar nan shi ne shekarun da ta yi tana tsaye a matsayin uwa.

Nan ƙarfinki yake. Ki fara tattara shaida tun yau, ko ba za ki kotu ba. Shuɗin katin nan na makaranta da ake rubuta wanda aka yarda ya ɗauki yaro, in sunanki na kai. Saƙonnin da ita da marigayi suka riƙa turo miki na ki ɗauko su yau, za mu yi dare. Hotuna masu kwanan wata. Malamin Islamiyya da maƙwabta da suka saba ganinki da su. Rauninki kuma kin san shi: maganar ɗauke yara, a gaban shaidu, da amincewarki. Lauyanta da ita zai buɗe baki. Idan akwai saƙon murya da Baffa ko wani ya tura mata a WhatsApp bayan nan, shi ma za a fassara a karanta. Wannan ba ƙiyayyar banza ba ce a idon alƙali, dalili ne mai kama hankali, kuma shi ne zai iya kayar da ke. Don haka duk abin da za ki nema, ki gabatar da shi tare da maganin tsoron: ziyarar yini babu kwana, ba fita daga birnin, fasfo na hannun uwarsu, zuwan farko-farko a gaban wanda ta yarda da shi.

Yadda ake yi ba shi da wuyar ganewa. Kotun iyali ta Bronx na lamba 900 a titin Sheridan. Ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Tafinta kyauta ne, ki nemi na Hausa tun ranar farko. Sammaci ba ke za ki kai ba, sai wani baligi da ba ya cikin ƙarar. Kotu kan naɗa wa yaran lauyansu daban, zai zauna da su ya ji ta bakinsu, alƙali ma na iya ganawa da su a keɓe. Uwar, idan ba ta da hali, ana iya ba ta lauya kyauta, ke kuwa kada ki sa rai da haka. Ƙungiyar Family Legal Care na ba da bayani kyauta ga masu shiga kotun iyali ba lauya, kotun kanta kuma tana da tsarin sulhu da ba a biya. Ki ga lauyan da ya san kotun iyali ko da zama ɗaya ne, ya duba lamarinki da idonsa, don ni daga wasiƙa ɗaya nake magana.

Sai dai ki auna abin da za ki fito da shi. Watanni za a yi ana ɗagewa, kowane zama ita ta rasa aikin yini, ita da ke ciyar da marayu ita kaɗai. Za a tambayi yaro ɗan shekara 9 ya faɗi ra'ayinsa tsakanin uwarsa da kakarsa. In kin yi nasara, abin da za a rubuta miki awoyi ne, misali Asabar ɗaya ko biyu a wata, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Babu alƙalin da zai sa a kira ki idan yarinyar ta kwana da zazzaɓi, ko a ajiye miki kujera ranar saukar yaron, ko a turo su da kayan Sallah su zo ki tsokani angonki ki yi wa kishiyarki tsiya. Idan kuma ta saɓa umarnin, ke ce za ki koma ki ce a hukunta ta. Za ki iya tsayawa ki nemi a hukunta uwar jikokinki, suna ji suna gani? Ni a ganina kotu makami ne na gaske, kuma gara da akwai shi, amma na wanda ya ƙwanƙwasa kowace ƙofa ne ya ji shiru. Ke tukuna ƙofa ɗaya kika ƙwanƙwasa, kuma ba da abin da ake jira kika je ba.

Batun kiran hukuma kuwa, ki cire shi daga ranki gaba ɗaya. Da zarar an karɓi rahoto, ma'aikatan ACS, wato hukumar kula da yara ta birnin, kan fara bincike cikin awa 24, suna da kwana 60 su kammala. Za su shiga gidan, su buɗe firji, su keɓe yaran su yi musu tambayoyi, su je makaranta. Yaran da ba su gama kukan ubansu ba. Kai rahoton ƙarya da gangan laifi ne a dokar Niyok. Ko da an ɗauke su, babu tabbacin hannunki za su faɗo, suna iya kwana gidan baƙin da ba su san alwala ba. Kuma a unguwa irin tamu magana ba ta ɓuya, ranar da ta gane ke ce, kin rufe ƙofar da hannunki, kin kuma ba alƙali hujjar da ta fi ta arba'in muni. Duk wasiƙarki ban ga inda kika ce tana zaluntar su ba. Haka nan kada ki je bakin makaranta ki laɓe, kada ki riƙa tsayuwa a ƙofar gidanta. Tana iya neman umarnin kariya a kanki, kuma takardar nan in ta fito, da ita za a tarbe ki a duk shari'ar da za ki shigar.

Abin yi shi ne ban haƙuri, na gaskiya. Na san nauyinsa, uwar miji ta ba matar ɗa haƙuri, amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ki shirya ki je wurin mahaifiyarta, ke da mutum ɗaya mai nutsuwa, ba tawaga ba. Kada ki ɗauki limamin da kowa ya san naku ne, in za a sa malami a sa wanda iyayenta ke girmamawa. Ki kai gajeriyar wasiƙa, a rubuta da harshen da ta fi sakewa da shi, ki sa hannu. Kada a rubuta in na ɓata miki rai. Ki ambaci abin da kika faɗa da sunansa, ki ce kuskure ne, 'ya'ya nata ne, ba ki da niyyar kai su ko'ina, ba za ki taɓa fita da su ba sai da izininta, maganar Baffa ba da yawunki za ta sake fitowa ba. Kada ki sa amma a ciki. Kada ki lissafa mata shekarun da kika yi kina reno, ta fi kowa sani. Wasiƙar nan za ta yi miki aiki biyu: in zuciyarta ta yi sanyi, shi ke nan, in kuma an kai ga kotu, ta nuna kin janye maganar tun kafin a tilasta ki. Sannan ki kira Kano ki gaya wa Baffa, cikin ladabi amma ba kwana-kwana, cewa ya cire bakinsa.

Buƙatarki ta farko kuma kada ta zama taki, ta zama ta Inna. Kotunan Niyok sun fassara kalmar kaka a sashe na 72 a ƙuntace, ba su shigar da iyayen kakanni ba. Jihohi sun bambanta a nan: dokar Illinois ta ambace su ƙarara, ta Ohio ta ce iyaye da sauran dangin mamaci. Amma a Niyok Inna ba za ta iya ƙara da sunanta ba. Abin da za ki iya, in an zo rubuta yarjejeniya, a sa cewa ziyarar a gidanki za a yi, inda take. Sai dai abin da Inna ta rasa a kotu tana da shi a waje. Ba ta ce komai ba ranar nan, babu wanda ke tsoron tsohuwa mai shekara 87 za ta gudu da yaro. Ki roƙa a kawo mata su na rabin awa, uwar na zaune, ko kakarsu ta Kumasi ta rako su. Ki ce idan ganinki ne matsala, za ki bar gidan har su tafi. Zai yi miki ciwo, na sani. Amma wadda ta shigo gidanki sau ɗaya ta fita da 'ya'yanta lafiya, zuwa na biyu ba zai yi mata nauyi ba. Kada dai a ce mata in Inna ta cika alhaki na wuyanta. Wannan barazana ce, kuma barazana ce ta kawo mu nan.

Kafin amsa ta zo, kada ki yanke aike. Kayan Sallah, littafi, ɗan kati, ta gidan waya ko ta hannun mahaifiyarta, da sunan uwar a kai, ba ta bayan fage ba. Ki riƙa rubuta ranar da kika aika. Alƙalai na duba ko kaka ta yi ƙoƙarin riƙe zumunci lokacin da aka hana ta.

Maganar Ohio ce ta sa ba zan ce ki yi ta jira ba iyaka. Sashe na 72 na yaran da ke zaune a jihar Niyok ne. Idan ta tashi da su suka yi wata shida a can, kotun can ce ke da hurumi, da dokar can, kuma ko an ba ki ziyara, tsakanin Bronx da birni irin Columbus tafiyar wajen awa tara ce a mota. Ga kuma yarinya 'yar shekara 6, wadda wata takwas a wurinta ba kaɗan ba ne. Don haka ki je wurin iyayenta cikin makon nan, ki ga lauya cikin watan nan, ki ba sulhu wata biyu zuwa uku. Ki tambayi mahaifiyarta gaskiyar maganar tashin, ki daina dogaro da ƙishin-ƙishin. Idan ta tabbata an sa rana kuma ƙofa na rufe, ki shigar da ƙarar kafin su tashi. Ko a nan, ki aika a gaya mata tukuna, kada sammaci ya same ta ba zato. A ce mata ziyara kike nema ba riƙo ba, kuma a shirye kike a zauna teburin sulhu na kotun a rubuta abin da ta yarda da shi. Ƙarar ba za ta hana ta tashi ba, 'yancinta ne, amma yarjejeniyar da aka rubuta kafin tafiya, da kiran bidiyo da zuwan hutu a ciki, ta fi bin sawu daga baya.

Idan Allah ya sa aka buɗe, ko ta sulhu ko ta alƙali, abin da aka ba ki ki karɓa ko awa ɗaya ce, ki tuna mutanen Washington. An ce ƙarfe biyar, ki dawo da su biyar saura. Abin da ta hana su ci, kada ki ba su a ɓoye ki ce kada su faɗa. Kada ki tambaye su wa ke zuwa gidan, ko uwarsu na waya da wani. Za ta yi aure wata rana, yarinya ce, ki shirya zuciyarki ki kai gudummawa. Ki ba su labarin ubansu yana ƙarami, irin ɓarnar da ya yi da dukan da ya sha, wannan babu mai ba su sai ke, amma kada ki rungume su kina kuka har su koma gida a firgice. Kuma kada ɗoki ya ɗebe ki ki kira Kano a bidiyo ki ce su gaisa da Baffa. Wannan gaisuwar ta jira sai ranar da uwarsu ta ce a yi.